Karan da Ya Shanye Tawada

Shehinmu, kogin ilimi, fitilar masu taƙawa a Jaunpur, Allah Ya ƙara masa yarda, bai taɓa korar mai neman karatu ba, har 'ya'yan Kayasta, zuriyar marubutan nan da ba sa bin alƙiblarmu, amma ba a ɗaure kowa ko a kashe shi a ƙasar sai da rubutun hannunsu.

Cikinsu akwai Sukhanand, wanda ya koyi Farisanci a gabansa, jarumin da ko inuwarsa ta motsa sai ya ba ta hanya. Ranar da danginsa ke wanke alƙaluma su lulluɓe su da furanni, ranar da duk wanda ya rubuta harafi ba mai sake cin abinci da shi, a ranar hakimi ya kira shi ya rubuta hukuncin kisan wani mai fito, wanda jirginsa ya kife da dokin hakimin.

"Ranka ya daɗe, yau alƙalami yana hutu..."

"Hannu mai hutu me zan yi da shi? Kafin la'asar, ko takarda ko hannun."

Sukhanand ya garzaya gaban Shehu. "Malam, na shiga uku! In rubuta in rasa dangi, in ƙi in rasa hannu."

"Shi mai fiton me zai rasa?"

Sukhanand ya sunkuyar da kai, don wallahi ya manta da shi. Shehu, Allah Ya tsarkake sirrinsa, ya zaro busasshen kara daga rufin bukkarsa, ya feƙe. "Tafi da wannan. Ya daɗe bai sha ba."

A fada hauni na tsaye yana wasa wuƙa. Sukhanand ya tsoma karan a tawada, sai karan ya tsotse ta ƙaf, takarda kuwa ko ɗigo. Aka kawo wata, ya shanye. Hauni ya matso har Sukhanand na jin numfashinsa a ƙeya. Sai karan ya yi kore shar, ya fid da ganye, saiwoyinsa suka bi takarda suna rarrafe, suka nufi hannun hakimi.

Hakimi ya zabura har rawani ya faɗi. "Ɗauke shi! Ku saki mutumin, dokin ma ai ya tsufa!"

Da dare Sukhanand ya ci tuwon shinkafa cikin danginsa da hannunsa na dama, yana ba su labarin yadda ya daka wa hakimi tsawa.

Tsarki ya tabbata ga Mai raya busasshe. Allah Ya ba mu albarkacin Shehu, Ya tsare hannuwanmu daga rubuta abin da kara ya ƙi.