Tukunyar da Tabita Ba Ta Ɗaga Ba

Akwai wata mata, sunanta Tabita. Mijinta, Malam Filibus, da ya bar aikin gwamnati sai hawan jini ya kama shi. Likita ya ce ya nemi abin da zai riƙa kwantar masa da hankali. Shi ne ya kawo akwatin gilashi ya ajiye a falo, ya cika shi da ruwa, ya zuba yashi da 'yar ciyawa, ya sa kifi biyu, mace da namiji. Dangin karfasa ne, amma ƙanana, ba su wuce tsawon yatsa ba, kuma ba su da faɗa ko kaɗan. Macen cikinta ja kamar zoɓo. A can gefe, cikin ruwan, ya kife wata 'yar fasasshiyar tukunyar ƙasa. Kullum da yamma nan yake zama yana kallonsu, jinin nan kuwa ya sauka.

Da kaka ta yi, zai tafi ƙauye girbi, sai ya ce, "Maman Rahila, ga amana. Abinci ɗan kaɗan, safe da yamma. Tukunyar nan kuwa, ko me kika gani, kada ki ɗaga."

Ta ce, "To, Maigida. Allah ya kai ka lafiya."

Kwana uku da tafiyarsa, macen ta shige tukunya, ba ta ƙara fitowa ba. Tabita ta zuba abinci, shiru. Ta ƙwanƙwasa gilashi, shiru. Namijin kawai ke kai da kawowa a bakin tukunyar. Aka yi kwana shida, ita kanta tuwo ya daina shiga mata. Tana ta tunani, mutumin nan in ya dawo ya tarar ta mutu, ina jininsa zai tsaya?

Maƙwabciyarta Damaris ta shigo aron rariya, ta same ta ta yi tagumi. Da ta ji labari sai ta yi dariya, ta ce, "Ke, kifin da ko miya ba zai kai ba shi ya hana ki cin abinci? Ai ta mutu. Cire ta tun ba ta ruɓe ta kashe ɗayan ba. Ke da kike wanke har gindin turmi ran Asabar, yau kin zauna kina gadin mushe?"

Maganar ta shige ta, don Tabita ba ta zama da ƙazanta. Ta naɗe hannun riga, ta sa hannu a ruwa. Har ta taɓa tukunyar, sai namijin nan, wanda inuwa ma gudunta yake yi, ya taho ya cake ta a yatsa. Ya koma, ya sake dawowa.

Ta tsaya. A hankali ta ce wa Damaris, "Maman Yunana, wa yake gadin mushe haka? Kuma mai abu ya ce kada in ɗaga." Ta zare hannunta.

Damaris ta ce, "To, in ya yi wari kada ki kira ni." Ta ɗauki rariya ta fita.

Tabita ta ƙara kwana biyu tana addu'a, zuciya ba daɗi. Ran da Malam Filibus ya dawo, ko ruwa ba ta ba shi ba ta fara, "Maigida, ka yi haƙuri, akwai magana..."

Ya leƙa akwatin gilashin, ya ce, "Zo ki gani tukuna."

Ga macen nan ta fito, ta rame, tana tafe a hankali. Ƙarƙashinta 'ya'ya ne birjik, ƙanana kamar ƙwayar acca, namijin yana biye da su. Ashe ƙwai ta yi a rufin tukunyar, tana kansu. Da an ɗaga, da tsoro ya sa ta cinye su.

Tabita ta zauna a ƙasa, ta yi ajiyar zuciya, ta ce, "Ubangiji, na gode. Maigida, bari in ɗora tuwo, yunwa nake ji."

To 'yan'uwana, ma'anar misalin nan ga ta. Tukunyar ita ce wurin da Ubangiji yake aikinsa, idonmu ba ya kaiwa. Wata cikinmu ta yi shekaru tana addu'a saboda ɗanta, shiru. Sai mu ce abin ya mutu, masu ba da shawara kuma ba sa ƙarewa. Ba kowane shiru ne mutuwa ba. Namu shi ne mu zuba abinci safe da yamma, wato addu'a, mu riƙe maganar Mai gidan. In hannunki ya riga ya shiga ruwa, 'yar'uwa, ba ki makara ba. Zare shi.