Buzun Malam Sidi

Ku matso kusa, ku aje wayoyin nan, yau na zo muku da abin da zai haɗa ku gardama.

An yi wani malami a ƙasar Katsina, Malam Sidi, gwanin ilmin falsafa. A kan wani tsohon buzu da ya gada wurin mahaifinsa yake zama ya ba da karatu. In ɗalibi ya zo yana kukan ciwon haƙori, sai ya ce masa, "Ciwo baƙo ne, hankali ne mai gida. In ba ka yi masa shimfiɗa ba, zai kama hanya." Magana mai daɗi, a bakin mutumin da ko mura ba ta cika kama shi ba.

Ana nan sai baƙon ya sauka a ƙugun Malam, ya bi jijiya har tafin ƙafa. Malam bai yi masa shimfiɗa ba, ashe shi da tabarmarsa ya zo. Damina ta wuce, rani ya wuce, wata daminar ta dawo ta tarar da shi. Malam ya karanta wa kansa duk abin da yake karanta wa mutane, ciwo ko gezau. Ga shi kuma kun san halinmu, duk wanda ya ce "Ya jiki?" amsa ɗaya ce, "Da sauƙi, alhamdu lillahi." Har likita ya tambaya, Malam ya ce da sauƙi, likita ya rage magani ya sallame shi. Daga nan ya bar karatu, ya bar abinci, ya juya fuska bango yana roƙon Allah ya ɗauki ransa. Wallahi abin tausayi, kuma ba wanda ya sani.

Ta farko da ta tashi yayarsa ce, Tabawa. Ta zo dubiya, ya ce mata da sauƙi. Ta ce, "Sidi, ni na goye ka, na san kukanka tun ba ka da haƙori. Ni za ka ce wa da sauƙi?" Ta zauna bakin gado ta rantse ba za ta sa komai a bakinta ba sai ya faɗi gaskiya. Da yunwa ta fara galabaitar da tsohuwa, Malam ya kasa daurewa, ya fashe da kukan da har maƙwabta suka ji. Ya ce, "Yaya, kamar ana soka mini ƙarfe mai zafi." Ba don ita ba, da da sauƙin nan za a kai shi kabari.

Na biyu ƙanensa ne, Barau, direban babbar mota. Ya aje tuƙi, ya goya wansa zuwa mota, sai babban asibiti. Likita na cewa ya jiki, Malam ya buɗe baki zai maimaita halinsa, Barau ya ce, "Allah gafarta Malam, yau ni zan amsa." Aka yi hoto, aka canja magani, aka sa shi gashi da motsa jiki. Barau ne mai kaiwa da komowa, har aikinsa ya kusa suɓuce masa. Ciwo ya ragu da rabi, barci ya dawo. Amma likita bai ɓoye ba, ya ce sauran rabin sai dai a zauna da shi.

Na uku Malam Mudi ne, abokin gardamarsa tun suna samari. A lokacin jiki ya yi dama-dama, amma kunya ta hana Malam Sidi fita, yana cewa unguwa ta ji kukansa, ilminsa ya tashi a banza, a kwashe littattafan a bayar. Mudi ya ce, "Kai ka ɗora wa ilmi kayan da ba nasa ba. Sanda ba ta warkar da ƙafa, amma ka taɓa ganin gurgu ya yar da ita?" Kullum sai ya zo ya tsokane shi, da gangan yake kawo hujja a karkace. Rannan haushi ya kama Malam Sidi, ya ce a miƙo masa littafi ya kunyata wannan jahilin. Yana buɗewa ya manta da kunya, har ya nemi a dama masa fura.

Yanzu Malam na ba da karatu a kan kujera, da matashi a baya. In ka ce ya jiki, wata rana ya ce da sauƙi, wata rana ya ce yau kam ya matsa, kuma duka gaskiya ne. Gida ya yi sanyi, kowa ya yi ajiyar zuciya.

Sai dai zaman ƙasa ya ƙare masa, ya ce zai ba da buzun mahaifinsa ga wanda ya ceto shi. Buzu ɗaya ne, kuma ba a yanka shi uku. To, ku faɗa mini, wa zai miƙa wa: wadda ta sa shi kuka, ko wanda ya amsa wa likita, ko wanda ya mayar da shi kan littafi?