Kwana Talatin Ɗin Baba Tsohon Ƙarfe

Akwai wani dattijo da abokan aikinsa na intanet suke kira Baba Tsohon Ƙarfe. Shekara goma sha ɗaya suna aiki tare, amma babu wanda ya taɓa ganin fuskarsa a cikinsu, shi ma bai san tasu ba.

Aikin nasu wata manhaja ce ta kyauta, wadda kowa zai iya buɗe cikinta ya gyara. Takan ɗauki kwamfuta ɗaya ta rarraba ta, ta koma kamar kwamfutoci da yawa kowace tana harkar gabanta, kamar yadda ake yanka babban ɗaki a fitar da ƙanana. Masu aikin duk 'yan sa kai ne. Suna da zauren tattaunawa a intanet, kuma duk ƙarshen wata ana fitar da takardar labaran aikin.

Kason Baba shi ne ɓangaren da yake sa manhajar ta tashi a kan tsofaffin kwamfutoci, nan ma sunan ya samo asali. Akwai wani fayil da ake jera sunayen masu kula da kowane ɓangare. Wani ɓangaren mutum biyar, wani bakwai. Na Baba suna ɗaya ne tal.

A gida ma haka abin yake. Ya yi ritaya, 'yarsa Auta tana can wani gari mai nisa da iyalinta, matarsa kuwa shekara biyu ke nan da rasuwa. A ɗakin aikinsa akwai tebur, da tsofaffin kwamfutoci uku masu gurnani, sai kujerar marigayiyar a gefen taga. Da tana raye, a nan take zama da ɗinkinta tana yi masa tsiya.

"Baban Auta, wannan tarkacen naka sun fi ni jin muryarka," in ji ta.

Har yau bai matsar da kujerar ba. Yana dai goge ta.

Kullum da safe sai ya kunna injinan nan uku, ya gwada duk wani sabon gyara da aka shigar a manhajar. In wani abu ya karya ɓangarensa, yakan ɗinke shi shiru kafin a fitar wa jama'a. Ba ya cika baki, ba ya neman a ce sannu.

Ran nan sai jagoran aikin, wani matashi mai kaifin kai da gaggawa, ya rubuto a zaure.

"Baba, da girmamawa. Na duba rumbun ƙorafe-ƙorafe, shekara uku cur babu wanda ya kawo kuka ko ɗaya a kan ɓangarenka. Abin da ake amfani da shi dole a yi kuka da shi. Ina ganin babu mai amfani da shi, nauyi kawai yake ƙara mana."

Wani ya ƙara da cewa, "Ai injinan Baba sun girmi rabin mutanen zauren nan." Aka yi ta turo alamar dariya.

Bisa tsarinsu, ba a cire abu kai tsaye. Sai a sa sanarwa a zaure da takardar labarai, a kuma sa gargaɗi a cikin manhajar, a jira kwana talatin. In wani mai amfani da shi ya yi magana, a bar shi. In shiru, a goge. Haka aka yi wa ɓangaren Baba.

Baba bai yi musu ba. Ya rubuta, "To, Allah ya sa haka ne ya fi alheri." Amma maganar ta soke shi. Ba tsiyar ce ta dame shi ba, ya saba da ita. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne, anya ba gaskiya yaron ya faɗa ba? Anya shekara goma sha ɗaya ba shi kaɗai yake ta sharar ɗakin da babu mai shiga ba?

Kwana goma, shiru. Kwana ashirin, shiru. Yakan buɗe zauren kafin ya sha ruwan shayi, ya sake buɗewa bayan ya sha. Ana ta hira a kan sababbin abubuwa, sanarwarsa tana can ƙasa babu amsa ko ɗaya.

Da Auta ta kira waya, ya ba ta labari sama-sama.

"To Baba, ba sai ka huta ba? Ai ka yi ƙoƙari."

"In huta in yi me, Auta?"

Sai ya ce ta gaida yara, ya kashe wayar. Gaskiyar da bai iya faɗa mata ba ita ce, in aka goge ɓangaren nan, babu sauran dalilin da zai sa ya buɗe ɗakin da safe.

Ranar ashirin da takwas ya zauna ya shirya gogewar da hannunsa, don bai so wani ya yi masa. Ya cire komai, ya zo kan sunansa a fayil ɗin masu kula, ya goge shi harafi harafi. Ya ajiye, sai ranar talatin zai tura. Sannan ya kashe injinan uku. Bai taɓa sanin ɗakin yana da shiru haka ba.

Washegari da hantsi saƙo ya shigo ƙarƙashin sanarwar, daga wata malamar makaranta.

"Ku yi haƙuri, ban taɓa rubutu a nan ba. Jiya na sabunta manhaja na ga gargaɗi. Don Allah kar ku cire. Tsohuwar kwamfuta ɗaya gare mu a makaranta, da ita muke raba wa ɗalibai ashirin da huɗu, kowa da allonsa. Shekara bakwai ke nan. Ban taɓa yin magana ba saboda ba ta taɓa ba mu matsala ba. Na ɗauka sai mai kuka ne yake rubutu a nan."

Ta haɗa da hoto. Aji ne mai tebura a jere, ɗalibai sun duƙufa, a lungu kuma ga wata tsohuwar kwamfuta irin ta Baba sak, an ɗora ta a kan bulo.

Malama ba ta tsaya nan ba, ta tura sanarwar zuwa zauren malamai irinta. Kafin yamma saƙo ya kai arba'in. Mai ɗakin karatu, ma'aikacin wani ƙaramin asibiti, mai shagon koyar da kwamfuta. Bakinsu ɗaya: muna amfani da shi, bai taɓa lalacewa ba, shi ya sa ba ku ji mu ba.

Jagoran ya rubuto a gaban kowa, abin burgewa.

"Baba, na yi kuskure. Kuka na tsaya ƙirgawa, ashe kai ne kake tare shi tun kafin ya iso. Ka yafe mini."

Baba ya daɗe yana kallon hoton ajin nan. Murna ta cika shi, ya juya wajen taga da sauri ya ce, "Kin gani ko? Tarkacen nan..."

Sai kujera.

Ya yi kukansa shi kaɗai, ya share fuska, ya tashi ya kunna injinan uku.

Bayan kwana biyu Malama ta sake rubuto masa. "Baba, ban iya sosai ba, amma in za ka koya mini, ina so in riƙa taya ka gwaji."

A takardar labaran watan, an janye sanarwar. Baba ya buɗe fayil ɗin masu kula ya mayar da sunansa. A ƙarƙashinsa, karo na farko cikin shekara goma sha ɗaya, ya rubuta suna na biyu.

Darasi: Mun iya ɗaga murya in abu ya lalace, amma in yana tafiya daidai sai mu yi gum, har mai gyara mana shi ya ɗauka ba shi da amfani. Kar ka jira sai an ce za a cire shi kafin ka ce na gode. Akwai wanda yake ɗauke maka wahala shiru, ka neme shi yau ka faɗa masa. Ku tura wa 'yan uwa wannan labari, wataƙila ya isa ga wani Baba da yake zaune shi kaɗai yana jiran saƙo ɗaya.