Karin Magana Ɗari Bakwai da Kira Ɗaya Daga Asibiti

Akwai wani malamin Turanci a garinmu Biyanibazar mai suna Mofizul, amma kowa Sar yake ce masa, wato yallaɓai da Turanci, har liman. Ni ma na zauna a ajinsa, na sha rula a bayan hannu.

Sar yana da wani littafi mai baƙin bango, inda ya rubuta karin maganar Turawa ɗari bakwai da hannunsa. A wurinsa muka koyi cewa idan ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, Bature cewa yake karnuka da kyanwoyi ne ke zubowa. Abin da ba ya faruwa sai jefi-jefi, wai sai ran da wata ya yi shuɗi. In ka rubuta jimla ba ka cusa ko ɗaya ba, sai ya ce ka kawo masa shinkafa babu kifi.

Shekara talatin da biyar yana koyarwa, bai taɓa magana da Bature ba ko sau ɗaya. Duk mun sani, amma wa ya isa ya faɗa?

Maƙwabciyarsa Rahela ta yi shekara goma sha takwas a Ingila tana aikin wanka da shara a gidan kula da tsofaffi, ta dawo da ciwon gwiwa. Turancinta gutsi-gutsi ne. Duk ranar da ta wuce ta gaban mai shayi, Sar sai ya tsokane ta. Apa yake ce mata, wato yaya a harshenmu.

"Apa, duk zaman nan da kika yi can, da tsintsiya kaɗai kika riƙa hira?"

"Tsofaffina dai suna gane ni, Sar," in ji ta, ta wuce ana dariya.

Wata Talata bayan la'asar wayar Sar ta yi ƙara. Ɗansa tilo, Tanjil, yana Ingila yana kai wa mutane abinci a babur. Wata ma'aikaciyar asibiti ce ke kira daga can, tana magana da sauri kamar ana korar ta. Abu biyu kawai Sar ya tsinta: sunan ɗansa, da haɗari.

Ya miƙe tsaye, ya gyara tabarau, bakinsa ya koma ga karin maganar da ya saba. Ya ce mata labarin nan tsawa ce daga sararin da babu hadari. Ya ce yaron nan tuffar idonsa ne. Ya roƙe su kada su bar ko dutse ɗaya ba su birkita ba.

Matar ta katse shi da tambaya. Bai gane ba. Ta maimaita, bai gane ba. Girman kai kuma ya hana shi cewa ta rage sauri.

Matarsa Momtaz tana jan rigarsa tana tambaya ko yaron na da rai. Sar ya dube ta, ya sake manna wayar a kunne. Wallahi duk dukan da na sha a hannunsa, da na ji wannan sai da tausayinsa ya kama ni.

Momtaz ta fita ko takalmi babu, ta jawo Rahela.

Rahela ta karɓi wayar ta ce, "Sannu. Turancina kaɗan ne. Ki yi a hankali. Yana numfashi?"

Ta saurara, ta juyo ta gaya musu yana raye amma a sume, za a shiga da shi tiyata, ana son a san ko akwai maganin da jikinsa ba ya karɓa. Momtaz ta ce penisilin, yana shekara bakwai allurarsa ta kumbura shi har ya kusa tafiya.

"Penisilin a'a. Yana kumbura," in ji Rahela. Aka kashe waya.

Minti goma sha ɗaya ma'aikaciyar nan ta yi tana tambayar Sar wannan abu ɗaya, ɗansa na kwance yana zubar da jini.

Babu abin yi sai jira. Rahela ta yunƙura za ta je ta sauke tukunyarta, Sar ya tare ƙofa.

"Apa, kada ki tafi. Za su sake kira."

"Haba Sar, ai ka fi ni Turanci."

"Ba na jin su, Apa. Ko kaɗan ba na ji."

Ta koma ta zauna. Momtaz na jan carbi, shi kuwa ya kasa zama ya kasa tsayuwa.

Dab da magariba wayar ta sake ƙara. Da hannu biyu ya miƙa wa Rahela, ya tsaya yana kallon fuskarta. Ta daɗe tana cewa to, to, sannan ta sauke wayar.

"Ya farka, Sar. Ƙafar ba za ta koma daidai ba, amma ya farka. Uwarsa yake nema."

Darasi: An yi harshe ne don a ji ka, kai ma ka ji wani, ba don ado ba. Kada ka raina ɗan abin da wani ya sani, kada kuma kunya ta hana ka cewa "ban gane ba". Ku tura wa ɗalibai da malamansu, wataƙila wani ya sauke girman kai tun wayarsa ba ta yi ƙara ba.