Yadda Zabuwa Ta Yi Sanƙo

An yi wata Zabuwa a ƙauyen dabbobi, mai son a ce ita ce gaba a komai. A zamanin nan kanta cike yake da gashi, har da wani tukku da take taƙama da shi. Burinta ɗaya ne: idan kaka ta yi, aka zo zaɓen mai gadin gari, wato wanda zai riƙa hawa tsamiya yana shelar zuwan shaho, a ba ɗanta Tanko.

Makarantar ƙauyen kuwa ta Malama Bushiya ce, tsohuwa mai haƙurin tsiya. Da safe a yi karatu da lissafi, da hantsi a kwaɓa yumɓu, a yi zane da gawayi, a buga kalangu, a yi waƙa.

Ran nan Tanko ya dawo gida jiki duk laka, yana rera waƙa. Zabuwa ta fizgo shi, sai makaranta.

"Malama, karatu na kawo shi ko ginin tukwane?"

"Maraba da Uwar Tanko. Ai duk karatun ne."

"Wane irin karatu? Jiya rawa, yau laka, gobe kuma ban san me ba!"

Bushiya ta yi murmushi. "Yaro ba kai kaɗai ba ne, 'yar'uwa. Yana da hannu, yana da murya, yana da zuciya. Kowanne na son abincinsa."

"Ji mai koyar da rawa! Ke da ko inuwa kika gani sai ki dunƙule!"

Ta ja ɗanta ta yi gaba. Ta aro wani ƙaton littafi wajen Shamuwa mai yawon duniya, wanda aka tara duk labarin shaho a ciki, ta tura Tanko ɗaki. Wata uku cur yana hadda. Ba waƙa, ba wasa, ba ko leƙen waje. Ya tsallake layi ɗaya, ta ƙwanƙwashe shi.

"Koma farko! Ɗana ba ya tsallake."

Ranar zaɓe aka taru a gindin tsamiya. Kowa ya raɓe kusa da shingen ƙaya, amma Zabuwa ta shafa wa tukkunta man kaɗanya, ta je tsakiyar fili ta tsaya, don kada wani ya tambayi wace ce uwar yaron.

Aka ce kowane mai neman gadin ya hau ya gwada kansa. Tanko ne ya fara hawa reshe. Ya ɗaga kai ya dubi gabas, sai ya zabura. Ya buɗe baki da sauri.

"Shaho tsuntsu ne mai farauta! Ya kasu gida uku! Na farko..."

"Kun ji ko?" in ji Zabuwa. "Ɗana ke nan!"

Tanko ya ƙara sauri, yana nuna sama da fiffike, hawaye na zuba. Zabuwa ta ɗauka salo ne.

"Har da nuni! Allah ya yi maka albarka!"

Sai 'yar Kurege, ɗalibar Malama Bushiya, wadda ke jiran a zo kanta, ta hango inuwa tana tafiya a ƙasa. Ta sha zana irinta da gawayi. Ta cafi kalangu ta buga da ƙarfi, ta kwarma ihu: "Shaho! Ku shige ƙaya!"

Kan ka ce me, fili ya zama wayam. Zabuwa kaɗai ta rage, ta kama ƙugu.

"Wace mara kunya ce ke kiɗa ɗana na magana? Hassada ce, na san..."

Ba ta ƙarasa ba ta ji ƙafafunta sun bar ƙasa. Shaho ya damƙi tukkun nan. Ta yi ta wutsil-wutsil tana kiran sunan duk wanda ta sani. Allah ya taimake ta, gashin ya tuge baki ɗaya, ta faɗo tim a kan jibgin ƙaiƙayi. Shaho ya tafi da tukku.

Da ƙura ta lafa aka ba 'yar Kurege gadin gari. Zabuwa ta dafe kai, ta dubi ɗanta.

"Kai Tanko, ba ka gan shi ba ne?"

"Tun yana nesa na gan shi, Inna."

"To me ya hana ka cewa a gudu?"

"Ai 'Ku gudu' a shafi na tara yake. Ke kika ce kada in tsallake."

Washegari Zabuwa ta ɗaura ɗankwali, ta mayar da Tanko wajen Malama Bushiya da kanta. Gashin dai bai sake fitowa ba, shi ya sa har yau duk zabuwar da kuka gani za ku tarar da kanta tal.

Darasin wannan labari shi ne, cika kan yaro da hadda kaɗai ba ya sa shi sanin abin yi idan rana ta ɓaci. A bar shi ya yi zane, ya yi waƙa, ya taɓa laka, ya yi tunani da kansa. Uwar da ke neman yabo da karatun ɗanta kuwa, ta lura da kanta.