Mutumin da Ya Roƙi Gafarar ’Ya’yan Kowa

An yi wani mutum a nan birnin Mexico, ya ’yan uwa, wanda Allah ya ba kyan fuska da zaƙin murya. Ba zan kama sunansa ba, tunda ya riga mu gidan gaskiya. Amma in na ce Don Crisanto, mai gadin fitilar teku, na san iyayenmu mata da ke zaune can baya za su dafe ƙirji.

Ɗan Veracruz ne, ubansa masunci. Ya shigo birni da jaka ɗaya, da matarsa Ofelia, da ’yarsu Nayeli tana rarrafe. Ya daɗe yana fitowa a talabijin ba wanda ya san da zamansa. Yau shi ne mai buɗe ƙofa, gobe shi ne gawar da aka yar a gefen titi. Ofelia ce ke dafa tamales, alalar masarar nan, tana sayarwa a bakin tashar bas ana cin abinci a gidan, shi kuwa gogan yana gaban madubi yana koyon ɗaga gira.

Rannan sai arziki ya kira shi a wani wasan kwaikwayo mai dogon zango. Aka shafa masa furfura, aka sa masa shuɗiyar kwat da farar hula, aka miƙa masa fitila, aka ce daga yau kai ne Don Crisanto. Labarin wani tsoho ne da ya kori ’yarsa Alondra cikin fushi, ya zauna shi kaɗai a kan hasumiya a bakin teku, kullum yana kunna wa jirage fitila yana duban hanya. A kashi na ƙarshe ta dawo da rawayen mayafi, ta tarar da shi a kan gargara. Ya tallafi fuskarta da hannu biyu, ya ce: “’Yata, laifina ne. Na haska wa jiragen duniya hanya, ke na bar ki a duhu. Ki yafe mini.”

Ranar da aka nuna wannan, kasuwa ta watse da wuri. Direbobin bas suka faka a gefen titi, suka leƙa shagunan aski. Ƙarti majiya ƙarfi suka yi ta sharar hawaye suna cewa hayaƙin gasa masara ne.

To, daga nan kan mutumin ya kumbura. Bai yi faɗa da Ofelia ba, bai zage ta ba. Gida kawai ya samu a unguwar masu hali, ya ce aiki ya yi yawa, zai riƙa leƙowa. Da farko yana aiko direba da ’yar tsana. Daga baya direban ma ya manta hanya. Ofelia ta gaji da jira, ta tattara tukwanenta, ta kama hannun yarinyar suka koma Córdoba wurin danginta. Nayeli tana firamare lokacin. Ta girma tana ganin ubanta a akwatin talabijin ɗin maƙwabta, yana neman gafarar wata yarinyar da ba ita ba.

Duniya kuwa kun san halinta. An ba shi wasu wasannin, ya fito a likita, ya fito a janar na soja, mutane suka ce me ya kai Don Crisanto asibiti, ina fitilarsa? Furfurar da ake shafa masa ta zama ta gaske. Waya ta daina ƙara. Sai tarukan masoya finafinai, inda ake zuwa cikin shigar taurarin wasa, suka buɗe masa ƙofa.

Ni da nake muku wannan magana, kafin Allah ya dawo da ni hanya, tela ne. Farar hular Don Crisanto da rawayen mayafin Alondra nake ɗinkawa, ina bin tarukan nan gari gari ina kasa kayana a bakin ƙofa. Monterrey, Guadalajara, Puebla, har Mérida mun je. Saboda haka abin da zan faɗa ba ji na yi ba.

Wanda bai taɓa shiga irin wannan zaure ba, zai ɗauka mafarki yake yi. Ga dodo mai ƙaho ya cire kansa ya ajiye a cinya yana cin taco. Ga wata mai fikafikai tana shayar da jariri. Ga jarumi da takobin kwali yana neman makewayi. Hayaƙi mai launi yana bin ƙasa, ƙanshin gugguru ya cika ko’ina, kiɗa yana tashi daga kowace kusurwa ba ka san na wa kake ji ba. Can kuma sai a rage wuta, a kira Don Crisanto. Ɗaruruwan fitilu su tashi sama a hannun mutane, suna lilo a hankali, shi kuma ya fito daga cikin hayaƙin yana tafiyar nan tasa ta tsofaffi. Wallahi ko ni da na san a bayan labule taba yake zuƙa, sai in ji tsigar jikina ta tashi.

Sauran ’yan wasa hannu suke sawa a hoto, a yi murmushi, a wuce. Shi nasa daban ne. Wata mata ce ta fara, a Puebla. Ta durƙusa a gaban teburinsa, ta ce ubanta ya mutu bai taɓa ce mata yi haƙuri ba, ta roƙe shi ya faɗa mata kalmomin nan ko sau ɗaya. Ya tallafi fuskarta ya faɗa. Matar ta sulale ƙasa tana kuka, zaure ya ɗauki tafi. Mai shirya masa harkoki, wani ɗan duniya da ake kira Chemo, ya ga kasuwa ta buɗe. Daga ranar aka yanka wa abin tikiti.

Layinsa ya fi na kowa tsawo. Mata da maza, tsofaffi da ’yan mata, kowa da rawayen mayafi a kafaɗa, kowa da uban da ya ɓata masa. Chemo yana tsaye da ɗan gwangwanin man zafi, in idon maigida ya bushe sai ya faki ido ya goga masa a ƙasan fatar ido, hawaye su dawo. In ya biyo ta wurina yakan ce, “Tela, ƙara ɗinko mayafi, marayu sun yi yawa yau.” Ni kuma in ce masa ya ji tsoron Allah, mu yi dariya, kowa ya koma kan cinikinsa.

Mutumin kuwa har zuciyarsa ya yarda shi waliyyi ne. Yakan ce shi yake ɗinke abin da iyaye suka yaga. Ya ’yan uwa, wanda ya roƙi gafara sau dubu a yini, yaushe zai tuna akwai wadda take bin sa bashinta a gaske? Bakinsa ya saba, zuciyarsa ta yi kanta. Ko sau ɗaya bai hau motar Córdoba ba.

Wata Asabar a Guadalajara, da hantsi, wata mata ta tsaya a gaban kayana. Ba ta yi kama da ’yan taro ba. Baƙaƙen kaya ne a jikinta, da takalmin tafiya, ba kwalliya. Ta sayi mayafi, ta riƙe shi a hannu ta kasa yafawa. Na tsokane ta, na ce ’yar uwa, ba ya cizo. Ta yi ɗan murmushi, ta zauna a kan kujerata, sai magana ta ɓalle mata kamar an kwance bakin buhu.

Ta ce ita ce Nayeli. Ofelia ta rasu da damina, kuma kafin ta cika ta roƙe ta kada ta riƙe uban a zuci. Ta kira lambar ofishinsa ba adadi, kullum sai a ce ta sayi tikiti kamar kowa. To ga shi ta saya. Ta ce ba kuɗinsa take so ba, ba gidansa ba. In ya dube ta ya gane ta, shi ke nan, ta yafe, ko bai ce komai ba. Kowa na cewa da ita da uwarta kamar an tsaga kara.

Na bar kayana a hannun maƙwabci na bi ta. Ta shiga layi, ta yafa mayafin, ta zama ɗaya cikin ɗaruruwa. Layi yana tafiya a hankali cikin hayaƙin nan da fitilu, ita kuma tana jin muryar ubanta tana matsowa, yana faɗa wa wannan, yana faɗa wa waccan, kalma ɗaya, kuka ɗaya, har inda muryar ke karyewa ba ya canzawa.

Da aka zo kanta ta durƙusa. Ya tallafi fuskarta da hannu biyu. Ya dubi tsakiyar idonta, ya faɗi abin da ya saba faɗa, hawayen man zafi suna zuba. Ta jira. Ya sake ta, ya jawo hoto, ya tambaye ta sunan da zai rubuta.

“Nayeli,” in ji ta.

“Kai, suna mai daɗi. Ni ma ina da ’ya mai sunanki.”

“Tana ina yanzu?”

“Tana nan lafiya lau. Kullum muna waya.”

Ta dube shi jim kaɗan, ta ce, “To, ka gaishe ta.” Chemo ya riga ya jawo ta gaba.

Ta biyo ta wurina ta ajiye mayafin a kan tebur, a ninke. Ba ta yi kuka ba, kuma wannan ya fi ba ni tsoro. Ta ce in an tashi in gaya masa Ofelia ta rasu, in kuma gaya masa wadda ya riƙe. Da yamma na same shi a bayan labule yana goge fuska, na faɗa masa. Ya ce ƙarya nake. Ya ce wacce a ciki, mai tabarau ko doguwar? Ya yi ta lalube a cikin kansa, fuskoki sun cakuɗe masa, ya kasa ciro tata. Sai na ga ya zauna a kan akwatin kaya.

Washegari ya hau motar Córdoba. Shi da bakinsa ya ba ni labarin daga baya. Ya sami gidan, ta buɗe ƙofa, ’ya’yanta biyu suna leƙe ta bayanta, jikokin da bai san an haifa ba. A hanya ya tsara maganganu iri iri. Da ya gan ta duk suka gudu. Hannayensa suka ɗaga da kansu za su tallafi fuskarta, bakinsa ya buɗe, ya ji kansa yana cewa ’yata, laifina ne. A wannan karon da gaske yake, Allah shaida. Amma murya ɗaya ce, kuma a wuri ɗaya ta karye.

Ta ja da baya. Ta ce, “Don Crisanto, ka yi haƙuri. Jiya na ga wannan, kuma na biya.” Ta rufe ƙofa a hankali. Ya koma sau da yawa, ba a sake buɗe masa ba.

Ya dawo taro, don ba shi da wani wurin zuwa. Amma abin ya lalace. Duk wadda ta durƙusa sai ya ƙura mata ido yana tambayarta daga ina take, wace ce uwarta. In ya fara kalmomin sai kuka na gaske ya ƙwace masa, irin mai majina da shessheƙa, wanda ba ya kyan gani. Mutane ba wannan suka saya ba. Suka ce tsoho ya fara shaye-shaye, suka ɗauke shi a waya suka watsa, yara suna kwaikwayonsa suna dariya. Layi ya gajarce. Chemo ya samu wani yaro mai tashe, ya ɗauke gwangwaninsa ya bi shi. Na sha ganin mutumin a ƙaramin tebur kusa da makewayi, da kwat ɗinsa da fitilarsa, yana bin kowane rawayen mayafi da kallo har ya ɓace cikin hayaƙi.

A wani ɗakin haya ya mutu, sai da mai gidan ya ji shiru ya yi yawa aka fasa ƙofa. Da labari ya fita, sai ga masoya sun dawo. Maƙabarta ta cika maƙil da fararen huluna da fitilu da rana tsaka, an kawo masu kiɗan mariachi, ana ta ɗaukar hoto. Fada, limamin coci, ya ɗaga murya ya ce iyalan mamaci su matso su fara zuba ƙasa. Ya faɗa, ya sake faɗa. Mata fiye da ɗari suna tsaye, kowacce ya taɓa kiranta ’yata, suka dubi juna, ba wadda ta motsa. Ma’aikatan maƙabarta ne suka ɗauki shebur.

Ya ’yan uwa, me ya halaka wannan bawan Allah? Bai yi sata ba, bai kashe kowa ba. Ya yanke zumunci, ya tozarta haƙƙin da Allah ya ɗora masa, sannan ya ɗauki tuba ya mai da ita abin nunawa. Ya ji daɗin tafi har ya ɗauka an yafe masa. Ranar da ya buƙaci kalmar gaskiya guda ɗaya, ya duba bai samu wadda bai riga ya sayar ba.

Kada ku ce ai mu ba ’yan wasa ba ne. Wane ne a cikinmu bai iya taushin baki a waje ba? Kai da ake yabo a unguwa, mai sasanta ma’aurata, mai rarrashin marayu, yaushe rabon da ka ce wa ɗanka na cikinka ka yi haƙuri? Ke da kowa ke kira uwa, akwai wadda ke jiran kiranki, kin kuwa san ko wace ce. Yau tana jira. Ba wanda ya yi muku alkawarin gobe ma za ta jira.

In an tashi daga nan, kada ku tsaya gaisawa da ni. Ku je ku ƙwanƙwasa ƙofar tun ana buɗewa, ku faɗa da bakinku, ko da maganar ta fito a karkace.

Ya Allah, ka raba mu da riya, kada ka sa mu yi wa baƙi kuka mu bar namu da ƙishirwa. Ka ba mu ikon tuba tun masu yafe mana suna saurare. Allah ya kiyaye mu, ya kiyaye zuriyarmu. Amin.