Maƙogwaron Ƙasa a Rijiyar Tunau

A zamanin da dajin Gwaska bai san gatari ba, an yi wani maharbi mai suna Tunau, wanda ake yi wa kirari da Kunnen ƙasa, mai jin sawun tururuwa. Shekara uku mutanensa suna shuka a banza. Inda ruwa bai kwanta ya ruɓar da iri ba, sai ya tsere ya bar shi ya ƙone.

Wata rana da hantsi Tunau ya harbi gwanki, ya bi jininsa. A kan tudu, yashi ya shanye jinin kafin ya iso, sai tabo. Da ya gangaro, jar ƙasa ta riƙe danshin. Can ƙasa, a kan baƙar laka, jinin ya kwanta kamar a ƙwarya. Nan sawun kofato ya ƙare. Wata tsohuwa ya tarar zaune, tana zare kibiyarsa daga cinyarta, ko yamutsa fuska ba ta yi ba.

Ta ce, "Maharbi, ka ga yadda gidana yake sha. Gero a sama, dawa a tsakiya, shinkafa a nan. Amma cikin jar ƙasar akwai wuri kamar faɗin tabarma, inda ruwan sama ke faɗawa ba ƙara. Maƙogwarona ne. Kada fartanya ta taɓa shi."

Tunau ya kwaso mutanensa, suka shuka yadda aka ce, rumbuna suka cika.

A damina ta huɗu ƙanensa Nomau ya ce, "Yaya, wurin nan ya fi ko'ina laushi, mun bar wa ciyawa."

"Ba namu ba ne," in ji Tunau.

Washegari Nomau ya saɓa fartanya ya fita. Ba a sake ganinsa ba.

Daga ranar, kome yawan ruwan da aka yi, ƙasa ba ta jiƙa. Hadari ya zubo, gona ta haɗiye, dawa tana yaushi ana cikin ruwa. Tunau ya kifa kunne a ƙasa, ya ji ruwa na gudu can ciki, da wani sauti kamar ana noma. Bai tashi ba. Kwana uku yana rarrafe yana bin sautin, gwiwoyinsa suka sale, har inda ya ji shiru. Nan ya sa aka haƙa. A gaba na bakwai ruwa ya ɓullo, guga na farko ya fito da fartanyar Nomau, ƙotarta da ɗumi kamar yanzu aka sake ta.

Tunau ya kewaye wurin da aka hana da duwatsu, danshi ya komo gonaki. Shi kuwa bai ƙara kifa kunne a ƙasa ba har ya mutu.

Garin da ya kafu a nan shi ne Rijiyar Tunau. Har yau, mai saran sabuwar gona yakan zaga da gora, yana zuba ruwa wuri-wuri yana jira. Inda ruwan ya nutse bai bar danshi ba, sai ya jera duwatsu, ya ja da baya, ba ya juya wa wurin ƙeya.